Ruwan Ƙasan Madatsa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tana tsaye ne a kan benci, sirinji a hannu, tana ƙoƙarin ɗiga tawada a cikin tankin gilashi ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Tun safe take jiran ruwan ya kwanta. Ɗigon farko ya sauka ke nan, ya fara miƙewa sama siriri kamar zare, sai wani ya kunna babban injin famfo a ƙarshen ɗakin. Ƙasa ta ɗauki rawa, zaren ya watse, sauran tawadar ta tsiyaye mata a yatsu.

Ta juyo a fusace. Wani dogon saurayi ne, ya naɗe ƙafar wando, yana riƙe da bokiti.

"Malam, kai ba ka sallama kafin ka girgiza duniya?"

Ya dubi tankin, ya dubi hannunta, ya ruga ya kashe injin.

"Wallahi ban san da mutum a bayan tankin ba, Malama. Ki yi haƙuri. Me na ɓata?"

"Aikin yini guda."

"To ni ma na ba da nawa yinin. Ki sake, zan zauna shiru kamar buhu."

Ya kuwa kifa bokitin ya zauna a kai. Da ruwan ya sake kwanciya ta ɗiga tawadar, sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa a bayanta yana cewa, "Ikon Allah. Ji yadda take hawa."

Ba ta so ta yi murmushi ba, amma ta yi.

An daɗe da rushe wannan ɗakin gwajin, yanzu motoci ake ajiyewa a wurin. Amma har yau in Auta ta tuna da shi sai ta ji warin danshi da man inji, ta ga fankar silin ɗin nan mai kuka, da butar shayin Farfesa wadda murfinta ya ɓace aka rufe ta da faranti. Ɗaki ne dogo. Farkonsa nata ne, ƙarshensa kuma na wannan saurayi da kowa ke kira Dogo.

Digiri na biyu suke yi dukansu, a ƙarƙashin Farfesa, dattijo mai yawan barkwanci. Aikin Auta a kan zafi ne. Ta gina ɗan ƙaramin gida na gilashi ta nutsa shi a cikin tanki, tana ɗumama ƙasansa, tawada kuma tana nuna mata hanyar da ruwan ɗumi ke bi in yana neman mafita, domin haka iska mai zafi take yi a ɗaki mai rufin kwano. Abin da take nema shi ne inda za a huda taga, ɗakin marasa lafiya ya yi sanyi ko babu wuta. Shi kuwa Dogo yana da wata doguwar kwata ta gilashi da ruwa ke gudu a ciki. Ita ba ta zuwa can. Tun tana yarinya ba ta son ƙarar ruwa mai gudu, shi ma da ya lura bai matsa mata ba.

Suka raba yini, safe nata, yamma nasa. Sai dai Dogo ya riƙa zuwa tun da safe, wai ya zo taya ta karanta ma'aunin zafi. Da yake tawadar ba ta fita daga yatsunta da wuri, ya sa mata suna Shuɗiya.

Saƙonsa na farko da ba na aiki ba ya shigo ne wata Asabar tana wanke-wanke.

"Shuɗiya, yau na dafa shayi na tsaya ina kallon tururi yana neman hanyar fita, har shayin ya huce. Kin lalata ni. Da can ni mutum ne mai shan shayinsa da zafi."

Ta goge hannu ta rubuta, "Allah ya ƙara. Ka buɗe taga ta sama."

"Na buɗe. Zafin bai fita ba. Ina jin ba a ɗakin yake ba."

Ta kifa wayar a kan cinya tana dariya ita kaɗai, har Umma ta leƙo ta tambaye ta ko lafiya.

Haka abin ya yi ta tafiya. In ya tafi aikin kogi, wanda yakan ɗauke shi kwanaki, ɗakin sai ya yi mata faɗi. Ya dawo ya yi baƙi, hancinsa yana saɓa, ya kawo mata dutse mai santsi ko wani busasshen fure ya ajiye a gefen tankinta. Ta san dai yana auna gudun ruwa ne, ba ta taɓa tambayar a ina ba. Shi ma ya san tana da wa da ya rasu, wanda take kira Yaya, amma duk lokacin da zancen ya taso sai ta kawar da shi.

Wata yamma da wuta ta ɗauke, suna zaune a bakin ƙofa suna jiran a dawo da ita, ya ce, "Shuɗiya, ina so in turo manyana gidanku."

Ta dubi yatsun ƙafarta.

"Ka tabbata? Ni fa ba ni da haƙuri. Ka gani da idonka ranar farko."

"Ranar ce ma ta sa."

Sai dai ba shi kaɗai ne ya ga Auta ba. Akwai Dakta, matashin malami a sashen, ɗan aminin Abbanta, mai mota da takalmi mai sheƙi. Ya sha tsayawa ya rage mata hanya tana cewa ta gode. Yana zuwa gidansu gaishe da Abba, su zauna a falo su yi ta hira, Abba kuma ba ya ɓoye cewa yaron ya kwanta masa a rai.

Ranar da Umma ta kai wa Abba maganar Dogo, sai ya ce zai bincika. Wanda ya tambaya kuwa Dakta ne.

Bayan kwana biyu ya kira Auta falo. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, tabarau a hannu, Umma a gefe ta sunkuyar da kai.

"Auta, kin san aikin yaron nan?"

"Yana auna ruwa ne, Abba."

"A ina?"

"Ban taɓa tambaya ba."

"A ƙasan madatsa. A cikin kwale-kwale. A daidai wurin."

Ba sai ya ƙarasa ba. Madatsar wata 'yar gajeriyar katanga ce ta siminti da aka gitta a kogin bayan gari, tsayinta bai kai na mutum ba, ruwa yana zubowa ta kanta lumui kamar ba ya cutar da kowa. A nan Yaya ya tafi. Ya je da abokansa, ƙwallonsu ta faɗa, ya shiga ɗaukowa yana dariya, suna kallo ruwan ya yi ta juya shi a wuri ɗaya har ya daina ɗagowa. Auta tana firamare a lokacin. Abba ne da kansa ya koya masa iyo, kuma a unguwar babu wanda ya kai shi.

"Na ba kogin nan ɗa guda," in ji Abba. "Ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da kullum yake kai kansa bakinsa ba. Ba zan zauna ina jiran a sake buga mini ƙofa ba. Maganar ta ƙare."

Washegari ta je makaranta idanu a kumbure. Dogo yana kogi. Dakta ya tare ta a matakala, ya yi mata magana cikin taushi.

"Ki yi haƙuri, dole ce ta sa na faɗa wa Abba gaskiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya ɓoye miki. Ai duk sashen nan an san labarin yayanki. Kusan da shi ake buɗe bayanin aikin nasa."

Maganar ta shige ta kamar allura. Wato duk tsawon lokacin nan ya sani. Yana zaune kusa da ita yana ba ta dariya, alhali mutuwar Yaya tana cikin abin da zai samu digiri da shi. Ta koma gefe ta rubuta wa Dogo.

"Ashe a madatsa kake aiki. Ashe ka san wanda ya mutu a wurin. Kada ka turo kowa gidanmu."

Ya kira ta ƙi ɗauka. Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Shuɗiya, ban gane ba. Wa ya mutu? Don Allah ki ɗauka."

"Na baro kogin, ina hanya. Ko zagina ne ki ɗauka ki yi."

Ta kashe wayar. Ta koma zuwa da sassafe ta gama ta fice kafin ya iso. In suka yi kiciɓis a hanya ta sauya gefe. Ta rame, aikinta ma ya tsaya. Dakta ya ƙara yawan zuwa gaishe da Abba.

Farfesa ne ya gaji da ganinsu haka. Wata safiya ya zuba shayi kofi biyu, ya jawo kujera kusa da tankinta.

"'Yata, ɗakin nan ya yi mini sanyi, kuma ba aikinki ne ya jawo ba. Me ya faru?"

Ta yi niyyar cewa ba komai, sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗa masa duka. Dattijon ya ajiye cokali.

"Ni na ba shi aikin nan," ya ce. "Na ba shi ne don wurin ya ci mutane da yawa, kuma na gaji da jin ana cewa tsautsayi ne kawai. Yaron nan ba ɗan garin nan ba ne. Babu sunan kowa a aikinsa, ni na hana. Ni kaina sai yanzu na san yayanki yana cikinsu. Wanda ya ce miki duk sashe an sani, ki tambaye shi a bakin wa ya ji, in ba a falon gidanku ba."

Auta ta ji kunya ta rufe ta. Ta kunna waya ta tarar da saƙonsa na ƙarshe, wanda ya turo tun kwanaki.

"Na je na tambayi masunta, sun ba ni labarin wani saurayi da ya iya ruwa, mai ƙanwa ƙarama. Sai yanzu na gane. Wallahi ban sani ba, Shuɗiya. Da na sani da a bakina za ki fara ji. Allah ya jiƙan Yaya. Ba zan ƙara damunki ba, amma ina nan."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura, "Na zalunce ka, Dogona. Ka yafe mini."

Amsar ba ta ɓata lokaci ba. "Na yafe tun kafin ki tambaya. Kin ci abinci kuwa?"

Sun shirya, amma maganar Abba tana nan daram. Dogo ya ce in barin kogin ne zai sa a ba shi ita, zai nemi Farfesa ya sauya masa aiki. Auta ta girgiza kai.

"In ka bari, wani Yayan zai sake shiga. Ba na so a same ni ta wannan hanyar."

Ta sami Abba da kanta ta ce masa ba za ta auri wanda bai yarda da shi ba, amma kuma ba za ta auri Dakta ba, ta faɗi dalili. Umma ce ta ce masa daga baya, ko ba komai ya kamata ya ga yaron ido da ido ya sallame shi da mutunci, tunda bai yi musu laifi ba.

Sai ga Abba a ɗakin gwaji wata yamma, da sandarsa, ba tare da ya sanar da kowa ba. Auta tana wanke tanki ta ga shigowarsa. Injin yana aiki. Dogo yana can ƙarshen ɗaki ya duƙa a kan kwatarsa, bai ji sallama ba sai da Abba ya tsaya a kansa. Ya zabura ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Abba. Bari in kashe injin."

"Bar shi."

Idon Abba yana kan gilashin. A tsakiyar kwatar akwai 'yar ƙaramar katanga, ruwa yana zubowa ta kanta, a ƙasanta kuma wani ɗan guntun katako yana ta wahala. Ya nutse, ya ɓullo can gaba kaɗan, ruwan ya jawo shi baya zuwa gindin katangar, ya sake danna shi ƙasa. Auta ta matso a hankali. Karo na farko ke nan da ta taka wannan ɓangaren ɗakin.

"Wannan ita ce madatsar?" in ji Abba.

"Ita ce, Abba, an ƙanƙanta ta."

"Me ya hana shi wucewa?"

"Ruwan da ya faɗo yana nutsawa ƙasa ne ya wuce ta can. Na saman kuma baya yake komowa. To duk abin da ke iyo a sama, komowa zai yi ta yi."

Abba ya daɗe yana kallon katakon.

"Wanda ya iya ruwa fa? Wanda ya iya sosai?"

Dogo ya ɗago ya dubi Auta, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ko wane ne, Abba. Gudun da yake komowa da shi ya fi ƙarfin hannun mutum. Ga shi kuma rabinsa kumfa ne, ba ya ɗaukar jiki, in ka buga hannu kamar iska ka buga. Daga sama ba a ganin komai, shi ya sa ake shiga. Ba rashin iyawa ba ne, kuma ba ganganci ba ne."

Sandar Abba ta zame ta faɗi. Ya dafa bakin gilashin da hannu biyu.

"Ni na koya masa," ya ce a hankali. "Shekara da shekaru ina cewa akwai abin da na manta ban nuna masa ba."

"Babu, Abba. Babu abin da za ku nuna masa da zai fitar da shi daga nan."

Auta ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba, ko ranar da aka kawo Yaya. Ranar ta gani. Ta riƙe hannunsa, shi kuma ya bar ta ta riƙe.

Da ya natsu ya share fuska ya ce, "To kai me kake nema a wurin?"

Dogo ya rage ruwan, ya ɗauko wani abu mai kama da matakala da ya sassaƙa, ya jera shi a bayan 'yar katangar, ya sake buɗe famfo. Ruwan ya riƙa gangarowa hawa-hawa yana karyewa. Ya saki katakon. Ya yi tsalle-tsalle a kan matakalar, ya juya sau ɗaya, ya wuce abinsa har ƙarshen kwatar.

"In aka cike bayanta da duwatsu haka, ruwan ba zai samu inda zai nutsa ya komo ba. Awon da nake yi a kogi don in san girman da za a yi ne. Kuma ba na shiga wurin, Abba. Daga nesa nake, da igiya a ɗaure, da rigar da ke hana nutsewa."

"Sake sakin shi in gani."

Ya sake. Abba ya sa aka maimaita har sai da Farfesa ya aiko da shayi. Bai ce ya amince ba a ranar. Ya ɗauki sandarsa, ya ce wa Auta ta zo su tafi gida. Da suka kusa ƙofar gida sai ya ce, "Yaron nan ya cika tsawo." Umma da ta ji haka ta shige ɗaki tana dariya, don ta san mijinta.

Bayan mako ya aika a ce manyan Dogo su zo. Dakta ya daina zuwa gaisuwa, daga baya ma ya nemi sauyin wurin aiki.

An ɗaura auren bayan sun kammala digirinsu. Ba a yi wani taro mai yawa ba, 'yan uwa ne da abokan karatu, sai Farfesa da ya zo da babbar riga ya yi ta ba mutane labarin cewa shi ya haɗa, alhali kowa ya san injin famfo ne. Gyaran madatsar bai zo da wuri ba, sai da aka yi shekaru ana kai takarda ana dawowa kafin a zuba duwatsun, lokacin har sun yi 'ya'ya biyu. Amma a ranar auren ba wanda ya san haka, murna kawai ake yi.

Da za a tafi da ita, Abba ya kira su biyun falo. Suka durƙusa a gabansa, Auta tana kuka a cikin mayafi, Umma a tsaye a bakin ƙofa ita ma tana share ido.

Ya dubi Dogo ya ce, "Na so in hana ka ita don tsoro. Tsoron bai tafi duka ba, kada in yi maka ƙarya. Duk ranar da ka fito daga kogi, kafin ka kira matarka, ni za ka fara kira."

"In sha Allahu, Abba."

"Ke kuma Auta, ki rage faɗa."

Aka yi dariya cikin hawaye. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗar mijinta.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare mini ku a tudu da cikin ruwa. Tashi ka ɗauki matarka, ɗana."

Tun rasuwar Yaya, Auta ba ta ƙara jin ya kira wani da wannan sunan ba. Dogo ya kasa tashi nan da nan, sai da Umma ta ce, "To, ku tashi mana, mota tana jira," sannan ya miƙe ya kama hannun amaryarsa, duk gidan yana amsawa da amin.